Amsa ga mai ciki wata takwas da mura ta kama: me za ki sha, me za ki bari

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta tambayarki, kin ce cikinki ya shiga wata takwas, mura ta kama ki yau kwana huɗu, hanci a toshe ba kya iya barci, maƙogwaro na ƙaiƙayi, ga tari da daddare har cikin yana ɗaurewa, maigida ya je kemis an ƙulla masa haɗin ƙwayoyi a leda amma kin ji tsoron sha, ita kuma Hajiya uwar mijinki ta ce sanyi ne ya shige ki, a yi miki surace a dama miki kunun kanwa. Sannu, Allah ya sauwaƙe ya raba lafiya. Ni ungozoma ce, aikina kenan awo da karɓar haihuwa a nan Zariya, kuma duk shekara da zarar hazo ya sauko daga Nuwamba har Fabrairu wannan tambayar ita ke cika layin awo, don haka zan ɗan tsawaita, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Da farko dai wannan ledar dan Allah kar ki sha. Tsoron da kika ji daidai ne wallahi. Mura ita kanta ba ta taɓa jariri, ƙwayar cutar a hanci da maƙogwaro take zama, ba ta kai wa ga mahaifa, kuma cikin kwana 7 zuwa 10 take wucewa da kanta ko an sha magani ko ba a sha ba, tarin ne kawai yakan ja har sati uku. Abin da ke kawo mana matsala a asibiti abu biyu ne, ko dai abin da aka sha saboda murar, ko kuma wata cuta daban da aka ɗauka mura ce aka zauna a gida ana jiƙe-jiƙe. Haɗin leda babu suna babu kwali, ke ba ki san me ke ciki ba, ni ma in kin kawo min sai dai na yi ta juya ƙwayar ina kintace, kuma abin da aka saba zubawa a irin haɗin nan na sani, maganin ciwon jiki mai ƙarfi ne, da kafso na antibayotik, wani lokacin har da 'yar ƙaramar ƙwayar nan dexamethasone da ke sa mutum ya ji garau na kwana biyu alhali tana ɗaga suga. Zan riƙa rubuta sunayen magungunan yadda suke a jikin kwali saboda ki iya dubawa da kanki.

Wanda ya fi tayar min da hankali a watan da kike shi ne dangin ibuprofen. Su ne ibuprofen, diclofenac, piroxicam wanda mutane suka sani da Feldene ko Felvin, naproxen, da asfirin mai yawa irin wanda ke cikin garin Alabukun. Ibucap ma akwai ibuprofen a ciki duk da cewa mutane na ɗaukarsa kamar parasitamol ne kawai. Dalilin hanawar ba wai tsoratarwa ba ne. Jariri a ciki bai fara numfashi ba, don haka akwai wata 'yar jijiya kusa da zuciyarsa da ke karkatar da jini ya kauce wa huhu, kuma dole ta zauna a buɗe sai bayan an haife shi ya ja numfashin farko sannan ta rufe da kanta. Waɗannan magungunan suna iya rufe ta tun yana ciki, musamman daga sati 30 zuwa sama, huhunsa da zuciyarsa su wahala. Bayan haka suna rage aikin ƙodar jaririn, kin san ruwan da yake iyo a ciki mafi yawansa fitsarinsa ne, toh in ƙoda ta rage aiki ruwan sai ya ragu, shi yasa a 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi cewa a guje su tun daga sati 20. Ga shi kuma suna iya ƙara zubar jini wajen haihuwa. Amma ki lura, in likita ne ya ɗora ki a kan ƙaramin asfirin ɗin nan na miligiram 75 irin Vasoprin saboda gudun hawan jinin ciki, wannan daban ne, ki ci gaba da shi yadda aka ce miki, kar ki karanta wannan ki ajiye.

Abin da za ki iya sha hankali kwance don ciwon kai, ciwon jiki da ɗumin jiki shi ne parasitamol zalla. Ƙwaya biyu ta miligiram 500, bayan kowane awa shida in da buƙata, kar ya wuce ƙwaya takwas a awa 24, kuma da kin ji sauƙi ki daina, ba maganin da ake sha kullum ba ne don kawai ana da ciki. Na ce zalla saboda irin su Panadol Extra an haɗa su da kafeyin, kuma ana son mai ciki kar ta wuce miligiram 200 na kafeyin a rana, ga shayi da kike sha, ga goro in kina ci, ga lemon kwalba baƙi, duk suna da shi, kofin Nescafe guda ɗaya ma ya kai kusan 100. Sannan ki kula da ninkawa, yawancin magungunan mura na kwali da parasitamol a cikinsu, sai mace ta sha wannan ta ƙara da wancan ba ta san ta sha abu ɗaya sau biyu ba, hanta ce ke ɗaukar nauyin.

Su kuma irin Procold da Mixagrip da 'yan'uwansu, haɗi ne su ma, sai dai nasu a rubuce yake. Ki juya bayan takardar, in kika ga pseudoephedrine ko phenylephrine to shi ne mai buɗe hancin, kuma yadda yake buɗewa shi ne ya matse jijiyoyin jini na hanci kumburin ya sauka. Matsalar ba hanci kaɗai yake matsewa ba, duk jiki ne, kamar ki matse bakin tiyon ruwa ki ga ƙarfin ruwan ya ƙaru, haka awon jini ke hawa, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jinin da ke zuwa mabiyiya ma yana iya raguwa. A wata takwas, lokacin da muke sa ido sosai kan hawan jini saboda jijjiga, ni bana ba wa mai ciki shi, in kuwa dama awonki ya taɓa kai 140 bisa 90 to ko kusa kar ki je. Akwai na ɗigawa ko fesawa a hanci irin Otrivin, shi kaɗan ne ke shiga jini, likita kan iya yarda da shi in toshewar ta hana barci gaba ɗaya, amma kwana uku ne iyaka, in aka wuce hancin ya saba, yana sakewa sai ya toshe fiye da da, na ga matan da suka zama ba sa iya kwanciya sai da kwalbar a ƙarƙashin filo.

In atishawa da yoyon majina ne suka dame ki, Piriton, wato chlorpheniramine na miligiram 4, tsohon magani ne da aka daɗe ana ba masu ciki, ƙwaya ɗaya da daddare ta isa, yana sa barci da bushewar baki don haka kar ki sha sannan ki hau babur ko ki tsaya kan wuta. In kin shiga kwanakin haihuwa sosai ki tambaya a wajen awo kafin ki ci gaba da shi kullum. Loratadine da cetirizine su ma an yarda da su, amma sun fi amfani in ƙura ce ke tayar miki da atishawar ba mura ta gaske ba.

Maganin tari na kwalba kuwa, gaskiya yawancinsu amfaninsu kaɗan ne ko ga wanda ba shi da ciki. Duk wanda aka rubuta codeine a jikinsa ki nisance shi, gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi tun 2018 amma har yanzu akan same shi a ɓoye, yana ratsawa ya kai ga jariri, in an sha dab da haihuwa yaro kan fito numfashinsa a sanyaye, in an daɗe ana sha kuma ya fito yana ta kuka da karkarwa saboda jikinsa ya saba. Tiramadol ma haka. Wasu kwalaben kuma da barasa a cikin haɗinsu, a rubuce take a jiki. In tarin ya gagara, a bari ma'aikacin asibiti ya zaɓa miki mai sinadari guda ɗaya, kar a ɗauko mai abu biyar a ciki.

Sai antibayotik, wanda kusan kowa ke ganin in ba a sha shi ba ba a yi magani ba. Mura wata irin ƙwayar cuta da ake kira bairos ce ke kawo ta, antibayotik kuma wata irin daban mai suna bakteriya yake kashewa, babu ruwansa da bairos, ko majina ta koma ruwan ɗorawa ko kore ba shi ke nuna ana buƙatarsa ba, haka mura take yi a kwana na uku zuwa na biyar. Kuma akwai masu illa ƙarara ga cikin, kafson tetracycline ɗin nan ja da ɗorawa da doxycycline suna ɓata haƙoran yaro tun ba su fito ba, Septrin dab da haihuwa yana iya tsananta shawara ga jariri kuma ba a haɗa shi da Fansidar ɗin da ake ba ku a awo, chloramphenicol da ciprofloxacin su ma ba na mai ciki ba ne haka kawai. Akwai waɗanda suka dace irin amoxicillin, amma sai an duba an ga akwai abin da zai kashe.

To yanzu me za ki yi a gida, tunda ba zan ce ki zauna haka da toshewar hanci ba. Abin da ya fi komai aiki, kuma mutane suka fi rainawa, ruwan gishiri ne. Ki tafasa ruwa ki bari ya huce ya zama ɗumi, kofi ɗaya ki zuba rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri, ki ɗiga a kowane hanci da sirinji marar allura ko ki shaƙa kaɗan daga tafin hannu mai tsabta kamar yadda kike yi a alwala, ki fyace a hankali hanci ɗaya bayan ɗaya, sau uku ko huɗu a rana da kuma kafin kwanciya, kullum ki haɗa sabo kar ki ajiye na jiya. Ana sayar da na kwalba a kemis, ki ce normal saline na hanci, ba magani a ciki don haka babu iyakar kwanaki. Irin wannan ruwan dai shi za ki kuskure maƙogwaro da shi ki tofar, yana rage zafin da ƙaiƙayin sosai. Dole ruwan ya zama tafasasshe, kar a ɗebo na rijiya ko na 'yan garuwa a zuba a hanci kai tsaye.

Zuma cokali ɗaya ko biyu a ruwan ɗumi da lemon tsami, musamman kafin barci, tana kwantar da tari kuma an gwada ta an ga ba ta gaza magungunan kwalba ba, babu abin da za ta yi wa cikin, sai dai in an ce miki kina da sugan ciki, toh sai ki rage ko ki bari. Ɗanyar citta ɗan yanki kamar kan babban yatsa a dafa a sha kofi ɗaya ko biyu a rana babu laifi. Kanumfari, masoro, tafarnuwa, na'a-na'a, duk gwargwadon yadda ake sa su a abinci ko shayi ba matsala, farfesun kaza ko na kifi mai ɗumi ma yana sassauta majina ga shi zai sa ki ci abinci, amma ki sassauta yaji don a wata takwas ƙwannafi ba ya buƙatar gayyata. Inda nake tsayawa shi ne in an tashi daga abinci an koma jiƙo mai kauri ana sha kofi-kofi. Hulba da yawa tana iya motsa mahaifa, tazargade da ruwan darbejiya ban yarda mai ciki ta sha ba, zoɓo mai kauri kullum ma a ɗan dakata, habbatus sauda muna girmama ta amma 'yan ƙwayoyi a abinci daban, shan manta cokali-cokali da tsohon ciki daban. Haɗin 'yan magani na mota mai lasifika a kasuwa kuwa hukuncinsa ɗaya da ledar kemis, ba wanda ya san abin da ke ciki.

Ki sha ruwa sosai, kofi takwas zuwa goma a rana, da hunturu ba a jin ƙishi sai mace ta wuni ba ta sha ba, majina ta yi kauri, fitsari ya yi ja, kuma ƙarancin ruwa a jiki kansa yana sa ciki ya riƙa ɗaurewa. Lemu, gwaiba, kankana, abarba, duk ki ci, ki ci gaba da maganin ƙarin jini da aka ba ki a awo. Bitamin C ba ya warkar da mura, 'ya'yan itacen sun wadatar, ba sai an sayo mai ƙarfin nan na miligiram 1000 ana narkawa kullum ba.

Maganar surace, Hajiya na da gaskiya a rabi, tururi yana sassauta hanci na ɗan lokaci. Amma irin wanda aka saba, a sauke tukunya tana tafarfasa a lulluɓe mutum gaba ɗaya da bargo har sai ya jiƙe sharkaf da gumi, wannan ba na mai tsohon ciki ba ne. Zafin yana buɗe jijiyoyi awon jini ya faɗi, jiri ya ɗebe ki, ga ciki a gaba ga tafasasshen ruwa a ƙasa, ƙunar da ake kawo mana daga irin wannan ba ta da kyan gani. Ki zuba ruwan zafi a kwano a ɗora kan tebur, ki zauna kan kujera, fuska kawai da ɗan tawul a kai, minti biyar zuwa goma, wani yana kusa, in kin ji jiri ki ɗaga. Ruwa zalla ya isa. Robb ko mantileta ki shafa kaɗan a ƙirji ko a hankici ki riƙa shaƙa, amma ba a lasa, ba a jefawa a shayi, ba a cusawa cikin hanci, akwai kafur a ciki kuma guba ne in an haɗiye, wasu masu zafin irin Aboniki kuma da methyl salicylate a ciki wanda ɗan'uwan asfirin ne, kar a mulke jiki duka da su. In bakin hancin ya tsage saboda fyacewa da iskar hunturu, ɗan man kaɗanya ko basilin a bakin kawai ya isa.

Kunun kanwa kuwa a'a, kuma a nan zan ɗan daɗe don maganar ta garinmu ce. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, da suka yi aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) sun bibiyi matan Zariya da zuciyarsu ke gazawa a kusa da haihuwa, suka buga sakamakon a 1978, kuma har yau littattafai da yawa da ke maganar wannan ciwon suna ambaton Zariya saboda yawansa a nan ya kai kusan mace ɗaya cikin haihuwa 100, abin da ba a saba gani a duniya ba. Sun danganta shi da abubuwan da ake yi don korar sanyi, kunun kanwa, wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan kuma kamar hawan jini da ƙarancin sinadarin selenium a jiki, ba kanwa kaɗai ba ce, amma abin da ba a musu a kai shi ne kanwa gishiri ce mai yawa, tana tara ruwa a jiki, ke kuma a yanzu jinin jikinki ya riga ya ƙaru da kusan rabi, zuciyarki na aikin da ba ta taɓa yi ba. Babu abin da kanwa za ta yi wa mura, sai dai ta ƙara wa zuciya da ƙoda kaya. Ki sha kunun gyaɗa ko na tsamiya da ɗuminsa. Kuma ba sai kin yi jayayya da Hajiya ba, ƙauna ce ta sa ta faɗa, ki ce malaman asibiti sun hana ki kanwa saboda awon jini, ko maigida ya faɗa mata da kansa, in da hali ma ku zo awo tare, iyayenmu in an yi musu bayani da ladabi sun fi kowa kiyayewa.

Abin da ya sa na kawo zancen zuciya kuma, shi wannan ciwon yakan fara ne da tari. Mafi yawa bayan haihuwa yake bayyana amma yana iya farawa a watan ƙarshe, mace ta riƙa tari da daddare, in ta kwanta a miƙe numfashi ya gagara sai ta tashi zaune, ɗan zuwa banɗaki ya sa ta haki, ƙafa ta kumbura har gwiwa, a gida a ce mura ce ko sanyi ne a ƙara kanwa da ruwan zafi. In kin ga haka a jikinki ba maganar gobe ba ce.

Haka zazzaɓi. Mura ta gaske ɗumin jikinta kaɗan ne, in ma'auni ya nuna digiri 38 ko sama, ko kina rawar sanyi da ciwon gaɓoɓi, to a garin nan maleriya ce har sai gwaji ya ce ba ita ba ce, ko da rani ne, kuma maleriya a tsohon ciki tana shanye jini, tana kawo haihuwa kafin lokaci, tana sa jariri ya fito ƙarami. Gwajin ɗan yatsa minti 15 zuwa 20 ne a kowace ƙaramar asibitin unguwa, in ta tabbata maganin da ake bayarwa irin Coartem ya dace da watanki, kar ki sha parasitamol kwana uku kina danne zafin kina jira. Akwai kuma mura mai tsanani da ake kira fulu, da korona, su sukan faɗo ne lokaci guda da zazzaɓi mai ƙarfi da ciwon jiki kamar an yi miki duka, kuma sun fi kayar da mai tsohon ciki saboda cikin ya tura huhu sama ga garkuwar jiki ta sassauta, da sauri suke komawa nimoniya. Ciwon ƙirji in kin ja numfashi, numfashi da sauri, kaki da jini, leɓe ya canja launi, duk na tafiya asibiti ne a daren, asibitin koyarwa na Shika ko asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ko duk wadda ta fi kusa da ke. Ciwon maƙogwaro mai tsanani da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya a lokacin rani muna tunanin Lassa, wadda ta fi muni a watannin ƙarshe na ciki, in kuma wuya ya kumbura da farin abu a maƙogwaro to mashaƙo ne ake tsoro. Tarin da ya kai sati biyu, da gumin dare ko rama, a gwada kaki saboda tibi, gwajin da maganin kyauta ne, ga cibiyar kula da tibi ta Saye nan kusa da mu, kuma ana shan maganin da ciki. In kina da sikila ko asma kar ki jira ko ɗaya daga cikin waɗannan, ki je tun yanzu a saurari ƙirjinki, mai asma kuma kar ta ajiye abin shaƙarta don tsoron ciki, rashin iska ne ke cutar da jariri.

Ciwon kai ma kar ki ɗora shi duka a kan mura. In yana da tsanani, parasitamol bai taɓa shi ba, kina ganin wuta-wuta ko dishi-dishi, fuska da hannu sun kumbura, ko ciwo a saman ciki ta dama ƙarƙashin haƙarƙari, a auna jininki da fitsarinki a ranar, alamun da ke zuwa kafin jijjiga kenan.

Game da ɗaurewar cikin da kika ce in kina tari, na san yana ba da tsoro amma tari ba ya girgiza jariri ya ji ciwo, yana cikin ruwa a kare, kuma tari kawai ba ya buɗe bakin mahaifa. Ciwon da kike ji a gefe da haƙarƙari tsokoki ne da suka riga suka miƙe, ki rungume filo a ƙasan cikin ki ɗan sunkuya in tarin ya zo. Fitsari ya ɗan zubo da tari ko atishawa shi ma kusan kowace mai tsohon ciki na yi, ba abin kunya ba ne, amma ki bambance, in ruwan yana ci gaba da zuba ko ba ki yi tari ba, ba shi da warin fitsari, yana jiƙa ƙyalle bayan ƙyalle, to wataƙila faya ce ta fashe, ki tafi a duba. Haka in ɗaurewar ta zama tana zuwa a jere da ciwon mara da baya, ko kika ga jini. Sannan motsin yaro, wannan shi ne labarin da yake aiko miki kullum, in kin ji ya ragu a kan yadda kika saba ki sha abu ki kwanta ta gefen hagu ki ƙirga, in bai kai goma ba cikin awa biyu ki tafi a saurari bugun zuciyarsa, kar a ce ai don ba ki da lafiya ne shi ma ya yi lamo.

Tarin dare sau da yawa ba daga ƙirji yake ba, majina ce ke gangarowa ta baya in kin kwanta, ko ƙwannafi ke tasowa ya taɓa maƙogwaro. Ki ci abincin dare da wuri, awa biyu zuwa uku kafin kwanciya, ki ɗaga kai da kafaɗa da filo biyu ko uku, ki kwanta ta gefe ba rigingine ba, dama daga sati 28 ta gefe ake so. Ki duba ɗakin kuma, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, hayaƙin itace, duk suna tayar da tari, ki shiga gidan sauro kawai. Kaskon garwashi a ɗaki a rufe ƙofa da taga saboda sanyi kuwa dan Allah kar a yi, haka janareta a bakin taga ko a zaure, iskar da ke fita daga gawayi ba ta da wari ba ta da launi, illarta tana farawa da ciwon kai da jiri da mutum zai ɗauka murar ce, kuma jinin jariri ya fi na uwa riƙe ta. Ki sa rigar sanyi da safa, a ɗumama ɗakin a fitar da kaskon kafin a kwanta. In za ki fita cikin hazo ko shiga kasuwar Sabon Gari ki sa takunkumi, a yayyafa ruwa kafin shara, ki bar wa wani sharar ma a 'yan kwanakin nan.

Wani abu kuma, in kika ga sati biyu sun wuce hancin na nan a toshe amma babu ciwon maƙogwaro babu zazzaɓi babu kasala, to wataƙila ba mura ba ce tun asali, cikin ne kansa. Sinadaran ciki suna kumbura fatar cikin hanci, kusan mace ɗaya cikin biyar na samun haka, har da ɗan haɓo wani lokaci, ba ya jin maganin mura ko kaɗan, ruwan gishiri da ɗaga kai ne kawai, kuma yana tafiya da kansa cikin sati biyu bayan haihuwa. Amma in toshewar ta zo da ciwon fuska gefe ɗaya, ko kin fara samun sauƙi sai abin ya dawo da zazzaɓi, a nan ne ake duba ko antibayotik ya zama dole.

Tunda yau kwana huɗu ne kuma ba ki ambaci zazzaɓi ko haki ba, ina sa ran daga jibi za ki fara jin sauƙi insha Allah, amma duk da haka kar ki jira ranar awonki in da nisa, ki leƙa asibitin da kike zuwa a auna jini a saurari ƙirji da bugun yaro, ki tafi da ledar nan a hannu a gani, in ma kin riga kin sha wani abu kafin ki rubuto ki faɗa musu sunansa da sau nawa, shan ibuprofen sau ɗaya ba shi ne ƙarshen zance ba, ana dubawa ne kawai a tabbatar. In kuma haihuwar ta zo murar ba ta gama tafiya ba, ki ba shi nono tun a awa na farko, nonon na ɗauke da kariyar da jikinki ya haɗa a kan wannan murar, ki wanke hannu kafin ki ɗauke shi, ki sa takunkumi in kina atishawa, masu zuwa barka da ke tari a ba su haƙuri kar su sumbace shi. Zumar da na ce ki sha taki ce ke kaɗai, ba a ba jariri zuma sai ya cika shekara ɗaya, kuma maganin mura mai pseudoephedrine ki ci gaba da barinsa ko bayan kin haihu don yana rage ruwan nono.